Zabi Uku, Kowace Zuciya da Tata

Ni ban yi dogon karatu ba, kuma ba na ɓoyewa. A aji biyar aka cire ni daga lakwal, shekarar da ciwon ƙafa ya kwantar da mahaifinmu gona ta rasa mai riƙe hauya. Amma kafin a cire ni sau uku ina zuwa na ɗaya a aji. Firamiye. Mushe, wato malaminmu, ya kira ni gaban allo, a tafa mini. Waɗanda suke bayana a lokacin yau wasunsu suna cikin biro, wato ofis, a Maraɗi da Yamai, sanyi na busa musu ƙeya, in mun haɗu wurin jana'iza su miƙo mini kan yatsu. Ni kuwa ina nan Madarunfa, ina tura wa mutane waƙa da wa'azi a salula, ina buga takardar neman aiki ga waɗanda suka fi ni karatu, ina haɗa bidiyon biki da na suna. Haka Allah Ya so. Ban ce na ji daɗi ba.

Abin aikina ordinater ce, wato kwamfuta ta tebur, baƙin akwati mai nauyi kamar buhun gishiri, ta hannu ce na saya a Maraɗi. Ranar da na saye ta mai shagon ya buɗe mini gefenta, ya nuna mini wani ɗan ƙarfe a ƙarƙashin fanka, faɗinsa bai wuce akwatin ashana ba. Ya ce wannan shi ne porosesar, shi ne ke yin tunanin duka, kuma a cikinsa akwai ma'aikata huɗu, kowane da nasa aiki. Da Faransanci ana kiran kowanensu zuciya. Ya kunna ta, ya buɗe mini wata taga a ekaran, gilashin da ake kallo, inda ake ganin ɗakuna huɗu ƙanana, kowane da zare mai hawa da sauka irin na na'urar asibiti. Zuciya huɗu ke nan suna bugawa. Tun daga ranar, duk wanda ya zauna a bencin shagona ya wuce minti biyar sai na buɗe mishi tagar nan ya gani. A garin nan ba na jin akwai wanda bai san ordinater ɗina mai zuciya huɗu ba ce.

Mutum guda ne bai taɓa girmama ta ba, taubashina, ɗan gwaggona da ke Safo. Sa'ana ne, rana ɗaya aka yi mana kaciya, tabarma ɗaya muka yi jinya. Bai taɓa taka ƙofar lakwal ba. Yana da gona da amalanken jaki, kowace ranar kasuwa yana kawo harawa ko itace, in ya sauke sai ya ɗaure jakin a gindin dogon yaro ya zo ya cinye mini abincin rana. Yana kirana bawansa, ina kiransa bawana, har yau ba a raba wannan shari'a ba. Yana kuma kirana mushen da bai nuna ba. Da wani ne ya faɗi haka da sai an raba mu. Amma taubashi ne. Bakinsa ba shi da linzami a kaina, nawa ma haka a kansa, kuma ba a fushi. Haka muka tarar, haka iyayenmu suka yi da nasu.

Ranar da na fara nuna mishi tagar, ya leƙa, ya ƙirga da yatsa, ya ja baya.

"Huɗu? Kai bawana, mu nan mai zuciya biyu ma munahiki muke ce mishi. Wagga mai huɗu ai ko a lahira layinta daban."

"Jahilci dai bai yi ba," na ce.

"Ka dai yi hankali da ita. Guda tana maka aiki, uku suna gulmarka."

A tsakiyar daminar bara ruwa ya tsaga bangon tsohon shagona, tsagar da hannu ke shiga. Na samu wani ɗaki kusa da tasha. Ranar tashi ta faɗo ranar kasuwa, taubashina yana gari. Na ce zan ɗauki akwatin a moto, ya ce a wannan taɓon sai dai in ina so mu kwana a gidan likita ni da ita. Gaskiya ce ya faɗa. Kuma zan faɗi wata gaskiyar tunda rubutu nake ba faɗa ba: ya yi ƙoƙari. Ya shimfiɗa harawa mai kauri a amalanken, ya naɗe akwatin da bargonsa na kansa, ya ɗaure da igiya. Ni na rungume ekaran ina biye a ƙasa.

Mun zo daidai kwanar masu kifi sai ga wata jaka ta fito daga lungu, tana tafe tana kaɗa wutsiya. Jakin taubashina, wanda tun da na san shi ban taɓa ganin ya yi sauri don Allah ba, ya ɗaga kai ya saki kuka, ya zabura kamar an sa mishi wuta. Taya ta faɗa ramin da ruwa ya ci, amalanken ya karkata, igiya ta zame. Ina kallo akwatin ya fito daga bargo ya bugi bakin simintin kwata. Murfin gefe ya yi nasa wuri, kusurwa guda ta lotsa.

Masu kifi suka yi salati. Taubashina ya kamo jakin, ya dawo yana haki, ya duƙa yana leƙa kwatar.

"Ku taya mu dubawa, jama'a," ya ce, "kar zuciya guda ta gangara tabki."

Aka yi dariya. Ni ban yi ba.

A sabon shago na jona ta da kuran, wato wutar lantarki, na yi bisimilla, na danna. Ta tashi. Na ce alhamdu lillahi da ƙarfi har mai shayin ƙofa ya leƙo. Sai dai fankar ciki tana ƙara kamar injin niƙa, komai na taɓa sai ya yi jan ƙafa, kuma ba ta wuce rubu'in awa sai ta mutu da kanta. In na taɓa akwatin, zafi kamar murhu. Ga bidiyon sunan wani ɗan kasuwa yana jirana, kullum sai ya aiko a tambaya.

Kwana biyu ina fama. A na uku na shiga salula na nemo wani bidiyo inda wani mutum yake koyar da yadda ake sa ordinater mai nauyi ta yi gudu. Faransancinsa na gudu kamar ana korarsa, amma ina bin hannunsa. Ya buɗe wata taga da ban taɓa shiga ba, na buɗe. Ya shiga wata a cikinta, na shiga. Ya nuna wani ɗan akwati da aka rubuta *nombre de processeurs* a gefensa, ya ce a sa mishi alama, na sa. Daidai nan rezo, layin intanet ɗin salula, ya ɗauke, bidiyon ya tsaya yana juyawa. Na dubi ekaran ɗina, na ga da na sa alamar lamba 1 ta fito a ƙarƙashi. Na ce to, ai magana ta ƙare. Shinkafa mai kyau lamba ɗaya ce. Shadda mai kyau lamba ɗaya ce. A lakwal ma wanda ya fi kowa shi ne na ɗaya, wannan kam ba a gaya mini. Na bar ta a ɗaya, na danna, na kashe na sake kunnawa.

Ba ta yi gudu ba. Ta ma ƙara nauyi. Sai a lokacin na tuna da tagar zukata, wadda tun faɗuwar ban buɗe ba. Na buɗe. Ɗaki guda na gani, babba, ya cika tagar shi kaɗai, zarensa ya manne a sama kamar mai shirin shiɗewa. Uku babu su. Na rufe na sake buɗewa. Na goge ekaran da hannun riga, kamar hakan zai yi wani abu. Guda dai.

Ban yi dogon tunani ba. Ta faɗi, ta lotsa, zuciya uku sun mutu. Wa zai yi wani lissafi daban?

Ranar kasuwa ta zagayo, bencina cike da mutane, sai ga taubashina da sallamarsa mai ƙarfi.

"Ƙaƙa mai jiki? An samu sauƙi? Zuciya nawa ta rage?"

"Guda," na ce.

"Guda?" Ya tafa hannu. "Alhamdu lillahi, ta tuba! Yanzu da zuciya ɗaya za ta yi maka aiki. Ai godiya ya kamata ka yi wa jakina, shi ya shiryar da ita."

Bencin ya fashe da dariya, har mai shayi sai da ya ajiye buta. Yau da nake rubutawa ni ma ina murmushi, don maganar ta yi daɗi. Amma ranar sati guda na yi ba barcin kirki, ga ɗan kasuwa ya janye bidiyonsa ya kai wani wuri. Na miƙe tsaye. Na ce mishi shi jahili ne, ɗan ƙauyen da bai san darajar komai ba in ba harawa ba. Wannan duk bai dame shi ba, ya saba ji, yana ma gyara tsayuwa zai rama. Sai na ƙara da abin da ba a faɗa.

"Daga yau ba wasa tsakanina da kai. Na yanke."

 Taubashina ya cire hularsa, ya dubi cikinta, ya mayar.

"To, Malam," ya ce. "Allah Shi huci zuciyarka."

Malam. Shekara arba'in da wani abu bai taɓa kirana da sunan mutunci ba sai ranar. Ya yi wa mutanen benci sallama ɗaya bayan ɗaya, ya fita. Abincin rana da aka kawo daga gida na mutum biyu ne, kamar kowace ranar kasuwa. Na mayar da rabi.

Kasuwa ta gaba bai zo ba. Wato ya zo garin, an gan shi, amma ta bayan makaranta ya bi da amalankensa don kar ya wuce tasha. Da la'asar na koma gida na tarar da zabi uku ɗaure a tsakar gida, matata tana tsaye a kansu ta riƙe ƙugu.

"Wani mai moto ya kawo daga Safo," ta ce. "An ce a gaya maka kowace zuciya da tata. In ba su isa ba, wai ka yi haƙuri sai kaka."

"To ki yanka mana guda."

"Ni? Wallahi ba da wuƙata ba. Taubashi ya biya taubashi ramuwa? Tun da uwata ta haife ni ban taɓa ji ba. In ka ci su, ka ci zumuncin ke nan, ka sha ruwa ka wanke hannu. Ka yanka da kanka in kana iyawa."

Ban iya ba. Na san abin da take nufi, na ma riga ta sani. Baƙo ne yake biyan abin da ya ɓata. In na karɓa, na yarda mun zama baƙin juna, shi Malam ni Malam, mu gaisa a jana'iza da kan yatsu. In na mayar kuma, da wane baki? Ni ne aka yi wa ɓarna, a ganina. Sai zabin suka zauna. Matata ta kwance su ta fige musu fiffike, suka mallake gidan. Wanda bai taɓa zama da zabuwa ba bai san hayaniya ba. Tun asuba suke farawa, su uku, kamar masu kai ƙara. Maƙwabta suka fara tambaya ko kiwo na koma.

A shago kuwa ban zauna ba. Na ari famfon keke na hure ƙurar ciki har na yi tari. Na zare sandunan memwar biyu, ma'ajiyar tunaninta, na goge bakinsu da gom, abin goge fensirin 'yan lakwal, na mayar. Na sauya ɗan batirin nan mai kamar kwabo. Na bi wayoyin ciki ɗaya bayan ɗaya ina dannawa. Da na girgiza akwatin na ji wani abu yana ƙara a ƙasa, na zazzage, sai ga wani guntun baƙin roba. Ban san daga ina ya karye ba, na adana shi a aljihu. Na bar gefen a buɗe na kafa mata fankar ɗaki tana busa mata kai tsaye, sai ta daina mutuwa da wuri, har takan kai awa guda. Wannan ya faranta mini rai na yini ɗaya. Amma duk lokacin da na buɗe tagar, ɗaki guda ne.

Ranar Juma'a liman ya taɓo maganar masu gaba da ɗan'uwa fiye da kwana uku. Ban ce da ni yake ba, amma mai shayi da ke gefena ya taka mini yatsa.

Sati na uku na haƙura na ce sai Maraɗi. Abin da ya sa na ja lokaci, mai gyaran da kowa ke yabo a can ɗan ajinmu ne. Shekarar da na zo na ɗaya karo na biyu shi na goma sha ɗaya ya zo, ina tune sarai, don ni nake nuna mishi lissafi a bayan aji. Shi ba a cire shi ba. Ya wuce kolej, ya yi karatun na'ura, yanzu ga shi da shago mai ƙofar gilashi. Na naɗe akwatin da bargon taubashina, wanda tun ranar faɗuwa yake wurina, na ɗora a cinya cikin taksi har Maraɗi.

Yana ganina ya taso da hannu biyu.

"A'a, firamiyenmu! Yau kai ne a shagona?"

"Ba ziyara ba ce. Jaki ya kashe mini zuciya uku."

Na ba shi labari. Ya ɗora ta a tebur, ya ɗauki turnabis ɗin kwance kusoshi. Yana taɓa fankar porosesar ta yi lilo a hannunsa. Ya ce ƙafafu huɗu ke riƙe ta, guda ta karye, shi ya sa ba ta manne ba, zafi ke kashe na'urar. Na ciro guntun robar daga aljihu, ya gwada, ita ce. Ya cire fankar, ya ɗaga ɗan ƙarfen a hankali, ya juya cikinsa. Ƙananan allurai ne jere, ɗaruruwa. Ya sa gilashin ƙara girma ya bi su layi-layi yana karkata shi wajen haske, ya ce in akwai wadda ta lanƙwashe a nan za a gani. Ya miƙo mini na duba. Duk a tsaye suke. Ya mayar, ya shafa wani farin man shafawa, ya ɗaura wata fanka. Ya kunna. Shiru kamar ba ta aiki, ƙarar injin niƙa ta tafi.

"Buɗe tagar," na ce.

Ya buɗe. Guda.

"Ka gani ko? Sun mutu."

"Dakata tukuna," ya ce. "Ni a aikina ban cika ganin faɗuwa ta kashe uku ta bar guda ba. In abin nan ya fashe, yawanci gaba ɗaya yake tafiya, ko tashi ba za ta yi ba."

Ya kashe ta, ya sake kunnawa yana danna wani maɓalli da sauri, sai ga wani shuɗin allo da rubutu zalla. Ya ce nan ne na'urar take faɗin abin da ke jikinta tun kafin komai ya tashi, nan ba ta ƙarya. Ya sa yatsa a wani layi. Na karanta da kaina: huɗu.

"Suna nan da ransu," ya ce. "Hana su aiki aka yi. Wani ya shiga ya ce da guda kawai za a tashi. Wa ke taɓa ta bayan kai?"

"Ba kowa."

Ya bar ta ta gama tashi, ya buɗe wata taga, ya shiga wata a cikinta. Tun kafin ya kai na gane hanyar.  Ga ɗan akwatin, ga alamata, ga lamba ɗaya tana zaune inda na ajiye ta.

"Ni na sa," na ce. "Don ta yi gudu. Na ga lamba ɗaya."

Ya dube ni, ya dubi ekaran. Na ga leɓensa yana rawa, ya danne.

"*Nombre* aka rubuta, ba *numéro* ba. *Numéro* shi ne lamba. *Nombre* yawa ne. Tambayarka ta yi, nawa kake so su yi aiki."

"Na sani," na ce. Kuma wallahi na sani. Mushe ya koya mana, a aji huɗu, ina jin ma ni na fara ɗaga hannu. Shekara talatin da biyar ne suka bi ta kai.

Ya cire alamar, ya sake kunnawa. Ɗakuna huɗu suka fito, zare huɗu suna rawa kamar ba abin da ya faru. Ya ce mutane da yawa suna wannan kuskure, har masu digiri, in kwantar da hankalina. Da ya yi mini dariya da ya fi mini sauƙi. Da zan fita ya rako ni bakin ƙofa, ya ce ƙasa-ƙasa, "In an tambaye ni, fanka ce ta karye. Kuma ba ƙarya na yi ba."

A taksin komawa, akwati a cinya, ni ne mai zuciya biyu. Guda tana cewa ai faɗuwar ta karya fanka, mai gyara ma ya shaida, ka je ka ce an gyara, ka yafe mishi, ka fito da girmanka. Ɗayar tana cewa ba a kan fanka ka yanke wasa ba, a kan zuciya uku ne, kuma kai ka ɗaure su da hannunka. Har muka wuce gulbi suna gardama. Abin da ya raba su, na tuna in na je a matsayin mai yafewa, zai ce na gode Malam. Shi ke nan kuma, Malam har kabari.

Washegari da hantsi na kama zabin uku, da taimakon matata da zagin maƙwabta, na ɗaure a bayan moto tare da bargon, na kama hanyar Safo. Gero ya fitar da kai ko'ina, hanya duk taɓo. Na same shi a ƙofar gida, gindin itacen bedi, yana ɗinke kayan wuyan jaki. Jakin na gefe yana cin ciyawa, ko kallo ban ishe shi ba.

Ya miƙe ya amsa sallama. Ya leƙa zaure ya ce a kawo wa baƙo ruwa. Ya shiga da kansa ya ɗauko sabuwar tabarma, ta baƙi, ya shimfiɗa mini. Ni da nake shiga gidan nan har ɗakin gwaggo in buɗe tukunya.

"Sannu da hanya, Malam. Ƙaƙa iyali?"

Na gwada ta hanyar da na sani. Na ce, "Jakin nan ya fi ka ƙiba. Kai kake ci mishi saura ko?"

"Haka ne, Malam," ya ce, ya ci gaba da ɗinki.

To. Ba wata hanya. Na sauke zabin na ajiye a gabansa, na zauna a ƙasa ba a tabarmar ba, na gaya mishi duka. Fanka ta karye, wannan na jakinsa ne. Amma zukatan ba su mutu ba. Na ce na'urar ce ta tambaye ni da Faransanci nawa nake so su yi aiki, ni kuma na ɗauka tambayata take wace lamba ce ta fi kyau.

Ya tsayar da allura.

"Tsaya in gane. An ce maka jaki nawa za a ɗaura wa amalanke?"

"Kamar haka."

"Kai kuma ka ce lamba ɗaya."

"I."

"Sai ka kwance uku da hannunka, ka bar guda shina ja shi kaɗai. Sannan ka zo gaban mutane ka ce ni ne jahili."

"Haka aka yi."

Ya dube ni. Sai kafaɗarsa ta fara motsi. Ya yi ƙoƙarin riƙewa, na ga ya yi, don fushinsa na gaskiya ne kuma yana da hakkinsa. Amma abin ya fi ƙarfinsa. Ya faɗi a kan tabarmar baƙin yana dukan ƙasa, hularsa ta yi gefe.

"Inna! Inna, hito ki ga ɗan wanki! Hito ki ga hiramiye! Wayyo cikina. Bawana, ashe da gaske ba ka nuna ba!"

Ban taɓa jin daɗin zagi irin na ranar ba.

Gwaggo ta fito da sandarta, ta dube ni, ta dube shi, ta ce ita ba ta san zuciyar ƙarfe ba, amma tun muna cikin zane ta san mu biyun hankali guda muke rabawa, kuma ranar kasuwa a gida muke barinsa. Ta ce a kama zabin a yanka, ba ta son jin wata magana. Taubashina ya ɗaga guda yana auna ta a hannu.

"Dubi yadda suka rame. Sati ukku kacal a gidanka. Ko zabuwa ba ta ƙoshi wurinka, bare baƙo."

"Sati biyu ne. Kuma da ƙashi ka aiko su, marowaci."

Kafin a sauke tukunya ya ce saura abu guda, sai na ba jakinsa haƙuri, don shi ma an ɓata mishi suna a kasuwa. Na je na tsaya gaban jakin. Na ce mishi zuciya uku ba laifinsa ba ne, na janye, amma fanka shi ya karya, kuma duk garin an ga abin da ya sa shi gudu. Jakin ya kaɗa kunne ya ci gaba da cin ciyawarsa.

Da zan tafi na miƙa mishi bargonsa, ya ce in riƙe, in riƙa lulluɓe munafukar kar sanyi ya kama mata zukata.

Labarin bai kwana a Safo ba, ya riga ni isa Madarunfa. Yanzu daga tasha har kwanar masu kifi lamba ɗaya ake kirana, har matata in ta so tsokana. Na yi fushi na kwana biyu na gaji. Dama shekara talatin da biyar ina jiran a tuna ni ne na ɗaya, to ga shi an tuna.

Ranar kasuwa yana ɗaure jakinsa a gindin dogon yaron da ke bayan tasha. Kafin ya taɓa kwanon abincina sai ya yaye bargon, ya ce in buɗe mishi tagar. Ya sa yatsansa mai kaushi a ekaran, ya bar mini shaidar harawa a gilashi, ya ƙirga da ƙarfi don mutanen benci su ji: ɗaya, biyu, ukku, huɗu. Sannan ya ce wa mai shayi ya riƙa sa ido, kar a bar ni ni kaɗai da ita.